Vancouver ko Winnipeg, sanyin Kanada ba iri ɗaya ba ne

Mutane da an ce Kanada sai su ɗauka ƙanƙara ce ta rufe ko'ina, to ba haka abin yake ba. Vancouver tana bakin tekun Fasifik ne, iskar teku tana tausasa mata hunturu, ga duwatsu ta gabas sun tare mata yawancin sanyin da ke gangarowa daga arewa, shi ya sa a Janairu ma'aunin zafi yana wajen digiri 4. Amma fa ruwa! Daga Nuwamba sai ka yi sati ba ka ga rana ba, yayyafi kullum, lema ta zama kamar wayarka, sannan kuɗin haya ya isa ya sa mutum kuka.

Winnipeg kuwa tana tsakiyar fili fetal a lardin Manitoba, babu teku babu dutse, Janairu wajen 16 ƙasa da sifili, wata rana ya wuce 30 ƙasa da sifili, har jona mota ake yi da lantarki da dare don kada inji ya daskare ya ƙi tashi da safe. Sai dai rana tana fitowa tar, haya da sauƙi, idan Yuli ya zo kuma zafi ya kai 30 ga sauro.

Ni dai da duhun hadari na wata biyar, gara in sha jaura ina ganin rana.