Sharhi: Death of a Gossip, littafin ɗan sandan ƙauye Hamish Macbeth

Wannan shi ne na farko a jerin littattafan Hamish Macbeth da marubuciya M.C. Beaton ta rubuta, ya fito a 1985. Labarin yana faruwa ne a Lochdubh, wani ƙagaggen ƙauye a tsaunukan arewacin Sikotlan, inda Hamish ne kaɗai ɗan sanda. Gajere ne, mai saurin karatu zai iya gama shi a zama biyu.

John da Heather Cartwright suna da makarantar koyar da kamun kifi da fatsa, ɗalibai takwas suka zo kwas na mako guda. A cikinsu akwai Lady Jane Winters, magulmaciya ta ƙin ƙarawa, wadda ta san asirin kowa kuma take yi musu habaici a bainar jama'a. Daga baya aka tsinci gawarta a ruwa, an shaƙe ta da zaren fatsa. Babu zubar da jini a idon mai karatu, babu harbe-harbe. Abin da ake bi shi ne wa ke da abin ɓoyewa.

Hamish ne ƙarfin littafin. Dogo ne siriri mai jan gashi, kowa na masa kallon malalaci, mai zuwa inda ake rabon kofi da abinci ya zauna ba a gayyace shi ba. Ba ya son ƙarin girma, don ƙarin girma zai raba shi da ƙauyensa. Da babban jami'i Blair ya iso daga hedkwatar 'yan sanda da ke garin Strathbane, sai ya ture shi gefe, ya shiga yi wa mutane tsawa. Shi kuwa Hamish zama yake yi ya saurara, mutane su saki baki a gabansa saboda sun raina shi, sannan ya ɗauki waya ya tuntuɓi dangi da sanayya a nesa su tono masa tarihin waɗanda ake zargi. Wannan bambancin aikin mai tsawa da na mai haƙuri marubuciyar ta fito da shi sosai, kuma shi ya fi burge ni.

Sai dai akwai tangarɗa guda biyu. Kisan bai zo da wuri ba, sai wajen tsakiyar littafin, kuma kafin nan an ba Alice Wilson, wata sakatariya mai mafarkin auren mai hali, fili fiye da kima, har Hamish ya koma kamar baƙo a labarinsa. Ta biyun ta fi damuna: manyan hujjojin da suka warware zancen ta waya suka zo wa Hamish, mai karatu bai ji su a kan lokaci ba. Wanda ke son ya riga ɗan sanda gano mai laifi ba a ba shi isassun alamu ba, sai dai ya yi canke.

Bayanin jefa fatsa da ɗaura ƙugiya mai gashin tsuntsu ya ɗan yi yawa ga wanda kifi bai dame shi ba, amma ana iya wucewa da sauri. Soyayyar Hamish da Priscilla, 'yar Kanal Halburton-Smythe, nan aka fara shuka ta, ba ta yi nisa ba.

Wanda ya ga shirin talabijin na BBC na 1995 zuwa 1997, wanda Robert Carlyle ya fito a ciki, ya sani cewa Hamish na littafi daban yake da na shirin. Mai neman labarin bincike mara tayar da hankali ya fara da wannan, don a nan aka gabatar da mutanen da za su biyo shi cikin sauran jerin.