Gyaran TPM: mai gyaran da ya fara da tambayar lambobi 48

Laftof ɗina ta hannu ce, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai, Windows 11 ce a kanta. Kwatsam ta fara ƙin karɓar lambar sirrin da nake shiga da ita, daga baya ma sai shuɗin allon BitLocker, tsarin Windows mai kulle faifan ajiya, ya tare ni, yana neman makullin ceto, wato wasu lambobi 48. Shagon farko da na kai ta a nan Kano, ko minti biyar yaron bai yi ba ya ce a goge komai a sa sabuwar Windows. Aikina na shekaru yana ciki, sai na ɗauko abata.

Mai gyara na biyu shi ya sa nake wannan rubutu. Bai taɓa sukundireba ba sai da ya ce, "Malam, kana da lambobin nan 48?" Da wayata muka shiga asusuna na Microsoft, ga su nan a ajiye. Da kwamfutar ta buɗe, ya buga tpm.msc, umarnin da ke nuna halin da TPM ke ciki, wato guntun tsaron da ke cikin kwamfutar, sai ta nuna ba ta ganinsa kwata-kwata. Ya yi min bayani cewa TPM shi ke riƙe da makullan da aka kulle faifan ajiya da su, don haka in ya ɓace wa Windows, dole ta ɗauka ɓarawo ne ya zo.

Natsuwarsa ta burge ni ƙwarai. Ya kwashe fayilolina zuwa wani faifai, ya dakatar da BitLocker, sannan ya sauko da sabon BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin Windows, daga shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin, bayan ya duba lambar da ke manne a ƙarƙashinta. Ya ƙi farawa sai da batir ya cika, kuma ya jona caja a inbata, domin in wuta ta ɗauke ana tsakiyar wannan aiki, kwamfutar na iya mutuwa murus. Allon ya yi baƙi, fanka na ta gurnani, gabana na faɗuwa, shi kuwa ya ce kada in kuskura in taɓa maɓallin kunnawa. Da ta tashi, ya shiga BIOS ya tabbatar guntun a kunne yake. A wasu injuna PTT ake kiransa, na Intel ke nan, na AMD kuma fTPM.

Na tambaye shi batun share TPM da ake ta ba mutane shawara a intanet. Ya ce wannan matakin ƙarshe ne, don yana goge makullan duka, wanda ba shi da lambobin ceto kuwa ya yi sallama da fayilolinsa.

Kuɗin aikin ya ɗan yi tsada, jira ma akwai shi, ga shi bai ba da rasit ba, wanda a ganina bai dace da mai aiki irin nasa ba. Amma tun ranar tpm.msc ke nuna sigar 2.0 lafiya lau, shuɗin allon bai sake dawowa ba, kuma ko fayil ɗaya ban rasa ba.