Shagon kwamfutar da ya rage mini bashi tun kafin in ci

Wani abokin sana'a ya tambaye ni inda zai kai a cike masa fom ta intanet a nan Jega, na ce bari in rubuta amsar kowa ya gani. Ni dai shago ɗaya nake zuwa tun 2020, wani ɗan ƙarami kusa da tasha, ko allon suna ba shi da shi.

Ɗinki nake yi. Ƙaramar Sallah ta shekarar korona ta zo mana a watan Mayu, an hana zirga-zirga tsakanin jihohi, shaddar da muke sarowa daga Kano ta yi wuya, iyakar Nijar ta Kamba kuwa dama tun 2019 take rufe. Kekuna uku, yara biyu, ga kuɗin haya, aljihu wayam. Ana cikin haka aka ce Babban Bankin Najeriya ya ware naira biliyan 50 don ba da bashi ta hannun bankin NIRSAL, ruwa kashi 5 cikin ɗari. A majalisarmu kuwa ba mai cewa bashi, "kuɗin korona" kawai ake cewa, kowa a zo a ci rabonsa.

Na shiga shagon da BVN ɗina a rubuce a bayan kwalin zare, na ce a sa mini miliyan ɗaya. Mai shagon, matashi ne da bai wuce sa'ar ƙanena ba, ya janye hannu daga kwamfuta.

"Kawu, nawa ke shigo maka a wata in ba lokacin Sallah ba?"

Wallahi ban sani ba. Shekara goma sha huɗu ina taka keke, kuɗin cefane da na zare da kafin alƙalamin mutane duk aljihu ɗaya suke kwana. Ya yago takarda ya ja layi a tsakiya, shiga a dama, fita a hagu. Muka yi ta lissafi har injinsa ya shanye mai ya mutu, muka ƙarasa da fitilar waya. Abin da ya rage a ƙasan takardar, ni kaina sai da na ji kunya.

"Wannan bashi ne, Kawu, kuma da BVN ɗinka aka ɗaure shi. Nemi abin da keke zai iya biya."

Dubu ɗari biyu na nema. Raina bai so ba a ranar, har na yi masa kallon mai baƙin ciki. Da kuɗin suka shigo bayan watanni na sayi injin sufila da kayan aiki, na biya haya. Wani maƙwabcina da ya cike nasa a wani wurin ya ƙara aure da su. Da aka fara cirar kuɗi daga asusu, sai da ya daina bari a turo masa ko sisi ta banki.

Aibin shagon ba ɓoyayye ba ne. Benci ɗaya, fanka ɗaya, a zafin Jega. Ranar Juma'a da kasuwa ke ci kada ma ka soma, layin har bakin titi. Sabis in ya ɗauke sai haƙuri, kuma ya fi sauran tsada da ɗari biyu zuwa uku. Sannan yana da yawan tambaya, mai gaggawa ba zai ji daɗinsa ba.

In za ka je, je da safe ranar Talata, ka riƙe wayar da layin BVN ɗinka ke ciki, don lambar sirri can take shigowa. Ka ci abinci kafin ka fita.