Wutar cek ta kunnu bayan mai ya yi ƙasa: me za ka saya, me za ka bari a shago?

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, cika tanki ya zama sai wane da wane. Litar da ake sha ƙasa da naira 200 ta haye 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000 a gidajen mai da yawa. Masu mota suka koma shan na dubu biyar, na dubu goma, allurar mai kullum tana kwance a kan ja. Sai wata rana ana hawa gada ko ana shan kwana, mota ta yi tari, ta fizga sau biyu, sai ga wutar nan ruwan ɗorawa mai siffar inji ta fito a dashbod. Daga nan shawara za ta yi ta zuba. Wannan ya ce famfon mai ne, wancan ya ce filogi, wani ya ce a zuba maganin wanke nozul, wani kuma ya ce ka share, tasa ta shekara a kunne ba abin da ya faru.

Kafin ka ciro ko sisi, ya kamata ka san abin da ya haɗa ƙarancin mai da wannan wuta. A motocin da suke da nozul, wato masu fesa mai cikin inji, famfon mai yana cikin tanki ne, kuma fetur ɗin da ke ratsa cikinsa shi ke sanyaya shi, shi ke hana shi gogewa. Idan mai ya yi ƙasa sosai, da ka sha kwana ko ka taka birki sai ɗan abin da ya rage ya gudu gefe guda, famfo ya zuƙi iska. Ƙarfin turin mai ya faɗi, inji ya samu iska da yawa mai kaɗan, wata silinda ta kasa kamawa. Kwamfutar motar tana ganin duk wannan, sai ta rubuta lamba ta kunna wuta. Lambobin da aka fi gani su ne P0171, wato mai ya yi wa iska kaɗan, da P0300, wato silinda suna tsallake wuta, da P0087, wato ƙarfin turin mai ya gaza. Akwai ma lambar da aka ware wa wannan matsala ita kaɗai, P0313: inji ya tsallake wuta a lokacin da mai ya yi ƙasa.

Wani lokacin ma ba laifin ƙarancin man ba ne, laifin zuwa gidan mai ne. An zuba maka mai cikin gaggawa, ba a ɗaure murfin tanki da kyau ba, sai mota ta ji tururin fetur yana fita ta rubuta P0455 ko P0457. Motocin da aka shigo da su daga Amurka sun fi saurin kama wannan.

To, abu na farko da za ka saya shi ne fetur. Zuba mai kyau, ɗaure murfi har ka ji ya yi ƙas-ƙas, ka ci gaba da harkarka. A ƙa'idar waɗannan motoci, idan aka yi tafiya uku a jere kwamfuta ba ta sake ganin matsalar ba, ita da kanta take kashe wutar. Wannan idan wutar a tsaye take kenan, kuma motar tana tafiya lafiya. Idan tana ƙyaftawa, magana ta canza: ɗanyen mai yana wucewa cikin salansa yana ƙona katalis, wato abin da ke tace hayaƙi a cikin salansa, kuma katalis yana da tsada ƙwarai. Sassauta totur, nemi wuri ka tsaya.

Idan wutar ta ƙi mutuwa

A nan ne zaɓi yake farawa. Wutar ba ta faɗin ciwo, cewa kawai take akwai ciwo. Wanda ya sayi famfo don ya ga wuta, kamar wanda ya sha maganin zazzaɓin cizon sauro ne ba a gwada jininsa ba: wataƙila ya dace, wataƙila taifot ce. Sai an karanta lambar. Duk motar da aka yi don kasuwar Amurka daga 1996 tana da soket mai ƙofa 16 a ƙarƙashin sitiyari, tsarin da ake kira OBD2. Na Turai masu fetur sun bi sahu daga 2001, masu gas, wato dizal, kuma bayan 'yan shekaru. Hanya huɗu ce ta karanta abin da ke ciki.

Ta farko, ka kai gareji a yi maka sikanin ka biya. Ga wanda motarsa ba ta cika ba shi wahala ba, wannan ya isa, musamman idan mai na'urar ya san aikinsa. Illarta ita ce da yawa aikinsu bai wuce su jona, su danna goge, wuta ta mutu, su karɓi kuɗi ba. Bayan kwana biyu ta dawo. Kuma in mai sikanin shi ne zai sayo kayan, to ka san inda hukuncinsa zai karkata. Idan wannan hanya ka zaɓa, ka ce masa: «Maigida, kada ka goge tukuna, bari in ɗauki hoton lambar.» Ka kuma nemi ya nuna maka bayanan da kwamfuta ta adana a daidai lokacin da wutar ta kunnu: gudun mota, zafin inji, a wasu motocin har yawan man da ke tanki. Da an goge, wannan shaida ta tafi.

Ta biyu ita ce 'yar ƙaramar na'urar nan da ake kira ELM327, wadda ba ta fi akwatin ashana girma ba sosai. Ka jona ta a soket, ta haɗu da wayarka ta Bluetooth, ka buɗe manhaja irin Torque ko Car Scanner. A AliExpress ba ta cika wuce dala 10 ba, ana kuma samunta a Jumia da Jiji. Ita ce mafi araha, kuma abin mamaki ta fi wasu masu tsada nuna abubuwa, domin allon waya yana zana maka yadda inji ke aiki kana tafiya. Amma akwai abin lura. Asalin ƙwaƙwalwar da ke cikinta ta wani kamfanin Kanada ce, Elm Electronics, kuma kusan duk na arha da ke kasuwa kwaikwayo ne. Za ka ga an rubuta v1.5 ko v2.1. Kada babbar lamba ta ruɗe ka: masu amfani da su sun daɗe da gane cewa kwaikwayon v2.1 ya fi ƙin magana da motoci, musamman tsofaffi, v1.5 kuwa ya fi dama. Mai iPhone ya nemi mai Wi-Fi ko wadda aka rubuta a fili tana aiki da iPhone, don ta Bluetooth ɗin gama-gari ba ta haɗuwa da ita. Sannan kada ka bar ta a jone ka ajiye mota kwana da kwanaki. Soket ɗin yana da wuta ko an zare makulli, za ta iya tsotse batir mai rauni.

Ta uku, na'urar hannu mai allonta da wayarta, irin Autel MS309 ko Ancel AD310. Ba ruwanta da waya, ba ruwanta da caji, daga motar take shan wuta. Ta ninka ta biyu kuɗi sau biyu ko uku, amma ba ta da wasan ɓuya na haɗuwa da rashin haɗuwa. Wannan nake ba wa direban haya shawara, da dattijon da ba ya son shiga manhajoji, da gidan da mota ɗaya hannu da yawa ke tuƙa ta. A jefa ta cikin aljihun dashbod a manta da ita sai ranar buƙata. Iyakarta inji: ba za ta karanta maka birkin ABS ko jakar iska ba.

Ta huɗu, manyan na'urorin Launch da Autel masu kama da allon hannu, daga ɗaruruwan daloli zuwa sama. Na masu gareji ne. Mai mota ɗaya da ya saye ta ya yi ado ne kawai, ga kuɗin sabunta manhaja da ke biyo baya.

Wani abu da ya shafe mu a Arewa: Peugeot 406 da tsohuwar Golf sun cika tituna, kuma ba duka suke amsa wa na'urar gama-gari ba. Peugeot ta fi jin Lexia ko Diagbox, Volkswagen kuma VCDS. Mai irin waɗannan ya gwada ta wani a motarsa kafin ya sayi tasa. Mai Corolla, Camry, Accord ko Civic ɗin Amurka ba shi da wannan damuwa.

In ni ne, mai mota ɗaya da wayar Android, ELM327 zan ɗauka. Sikanin biyu ko uku a gareji sun biya kuɗinta. Tana kuma da wani amfani ranar da za ka sayi mota ta hannu: wasu dillalai suna goge lamba da safe ko su cire ƙwan wutar gaba ɗaya, na'urar kuwa za ta nuna maka cewa ba a daɗe da gogewa ba, domin gwaje-gwajen kwamfutar ba su kammala ba.

Idan lamba ta nuna wajen mai

Ko ka ga P0171, kada ka ruga kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa ko Panteka neman famfo. Lambar nan tana fitowa idan tiyon iska ya tsage, tana fitowa idan ƙurar hunturu ta rufe sensar da ke auna iskar da inji ke shaƙa, abin da feshin wankewa kawai zai gyara. Abin da ke tabbatar da laifin famfo shi ne a ɗaura geji a auna ƙarfin turinsa. Corolla mai inji 1ZZ, alal misali, tana son psi 44 zuwa 50. Makanikin da ya cire tiyo ya ga mai ya yi tsartuwa ya ce «ai famfo lafiya lau», ko ya ce «ya mutu», da ido ya auna. Sauran alamun famfon da ya gaji: kuka mai tsini daga wajen kujerar baya, daɗewa ana kiki kafin ta tashi, da mutuwa idan rana ta take sannan ta tashi bayan ta huce.

Idan ya tabbata, kala uku za a ɗora maka a kan kanta. Sabo na asali, Denso ko Bosch ko Aisin, shi ne mai daɗewa, in har na asalin ne. Kwalin Denso ba shi ne Denso ba, jabu sun yi yawa, kuma farashin da ya yi daɗi fiye da kima shi ne shaidar farko. Sai na Beljiyam, wanda aka ciro daga wata motar. Ingancinsa na kamfani ne, amma ba wanda ya san shekarunsa, kuma famfon da ya daɗe a bushe a kan shelf yana iya tsatsa a ciki. Ka ce a jona shi da batir ka ji kukansa, na 'yan daƙiƙu kawai don ba a son ya yi gudu a bushe, kuma a yi yarjejeniyar canji idan bai yi ba. Na uku shi ne sabo mai arha marar suna. Wani ya shekara, wani ko wata ba ya kaiwa, kuma ba ya sallama kafin ya tsaya. Ga mai zirga-zirgar cikin gari da aljihu ya yi ƙasa, a iya lallaɓawa. Ga mai bin hanyar Kaduna zuwa Abuja ko Kano zuwa Maiduguri, inda tsayuwa a daji ba abin wasa ba ne, ba na ba da shawararsa ko kaɗan.

Akwai kuma tambayar ko a sayi gidan famfon gaba ɗaya ko motarsa ta ciki kawai. Idan allurar mai tana faɗin gaskiya kuma robar gidan ba ta tsage ba, ta ciki ta wadatar, kuma ta fi arha nesa ba kusa ba. Idan allura tana ƙarya, ko ka ga lamba tsakanin P0460 da P0463, to abin da ke auna mai ya lalace, gara a ɗauki gidan duka. Mutane da yawa da mai ke ƙare musu a hanya ba ganganci suka yi ba, allura ce ta yaudare su. Ko wanne ka saya, a sa sabon rariyar da ke bakin famfo, a kuma leƙa cikin tankin tunda an riga an buɗe.

A kan dattin tanki, abin da ake yawan faɗa cewa sai mai ya yi ƙasa famfo ke jan na gindi ba daidai ba ne. Bakin famfo kullum a gindin yake. Bambancin shi ne in mai ya yi kaɗan, datti da ruwa ba su da abin da zai tsarma su. Daga ina suke zuwa? Sau da yawa daga galan ɗin 'yan bumburutu, wanda wanda mai ya yanke wa a hanya ba shi da zaɓi sai shi. Ko gidan mai ma ba a rantse masa: a Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai methanol fiye da kima daga Antwerp ta Beljiyam, motoci da yawa suka lalace.

Kwalaben wanke nozul da ake tallatawa a bakin gidan mai fa? Masu sinadarin PEA, irin Techron, suna rage dattin nozul da gaske. Amma ba sa tayar da famfon da ya ƙone, ba sa ɗinke tiyon da ya tsage. Masu ƙara ƙarfin mai kuwa ba su da alaƙa da wannan matsala sam. Ajiye jarkar fetur a but don gudun yankewa, a zafin Maris da Afrilu, haɗarinsa ya fi amfaninsa.

Mai motar gas, irin Hilux ko bas, lissafinsa ya fi tsanani. Idan ta shanye, iska ce ke shiga layin mai, sai an yi famfo da hannu a kan filta an fitar da ita kafin ta tashi, kuma babban famfonta da gas ɗin yake samun santsi.

Saura abu ɗaya da za a iya saya, wanda ba a kan kanta yake ba. Tankin Corolla lita 50 ne, Camry ta 2007 zuwa 2011 kuma lita 70. Kwatan tankin Corolla bai wuce lita 12 zuwa 13 ba, nauyin kilo tara ko goma, wanda ba zai ƙara wa mota shan mai da za ka ji ba. Mota ba ta san ko daga saman tanki take sha ko daga gindi ba, abin da za ta ƙona daga Zariya zuwa Kano ɗaya ne. Wato wannan lita 12 sau ɗaya ake sayenta, ranar albashi ko ranar da kasuwa ta yi kyau. Daga nan ka ci gaba da shan na dubu biyar ɗinka yadda ka saba, sai dai ka riƙa shiga gidan mai idan allura ta taɓa layin kwata, ba sai wutar rizab ta kunnu ba.