Gwajin asali na tofa yawu a kwalba: na saya, na gwada, taurari 2 na ba shi

Tunda na yi suɓutar baki a majalisa bayan isha'i na ce na yi gwajin DNA ɗin nan na asali, ba wanda bai tare ni ba, daga Shara Mansur har Misfala, wai nawa ne, a ina ake samu, da gaske yana faɗa maka garin kakanka. To bari in faɗa sau ɗaya kowa ya huta.

Ni a nan Makka aka haife ni, babana ma haka. Kakanmu, Malam, shi ne ya taso da ƙafa daga ƙasar Haɗeja, ya yi shekaru a Sudan wajajen Mai Wurno yana ƙwadagon auduga yana tara guzuri, sannan ya tsallako ta Sawakin zuwa Jidda, iyakar abin da muka sani kenan, sai mu ji ana ce mana Takari mu amsa. Shi ya sa da ɗan ƙanwar mamata zai zo Umra daga Landan na ce ya riƙo min kwali biyu, ɗaya nawa ɗaya na Hajiya. Kowanne ya tashi kusan dala 100, yani riyal 375 kenan. Sunan kamfanin ba zan faɗa ba.

Aikin kansa ba wahala, a nan kam sun ci maki. 'Yar kwalba ce, ka yi rabin awa ba ci ba sha ba asuwaki, ka yi ta tofa yawu har ya kai layi (wallahi ban san yawu yana ƙarewa ba sai ranar), ka rufe, ka yi rajistar lambar kwalbar a manhajarsu, yaron ya koma da ita. Bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki imel ya shigo.

Sakamakon ne ya sage min gwiwa. Taswira mai kala-kala, an shafa wa Najeriya launi, an ɗan ɗiga a wajajen Chadi da Sudan, shi kenan. Ba Haɗeja ba Kano ba komai. Na biya riyal 375 aka gaya min ni baƙin mutum ne daga Afirka ta yamma, abin da ko ɗan tasin Jarwal zai faɗa min kyauta. Da na bincika sai na gane dalili, ai su kwatanta ka suke da mutanen da suke da samfurinsu, kuma yawanci Turawa ne. Ko babban aikin nan na duniya da ake kira 1000 Genomes, 'yan Afirkan da ke ciki Yarbawan Ibadan ne da Esan da Mende na Saliyo da mutanen Gambiya da Luhya na Kenya, babu Bahaushe ko ɗaya. To da wa za a auna ka?

Inda abin ya fara ba ni tsoro shi ne ɓangaren dangi. Manhajar tana jero maka mutanen da jininku ya haɗu cikin waɗanda suka yi gwajin, sai ga wani bawan Allah a Faransa ya turo min saƙo wai mu 'yan uwa ne na kusa, in gaya masa sunan kakana da na matansa. Da murnata na kai wa Baffa jawwal ɗin, wato wayata, har ɗaki. Ya daɗe yana kallo sannan ya ce, "Kai yanzu da izinin wa ka kai wa Turawa jinina?" Na ce, "Baffa ku yi haƙuri, ai yawuna ne, ba naku ba." Ya ce, "Yawun naka ne, abin da ke cikinsa na Malam ne, kuma ba kai kaɗai ya bar wa ba."

Na yi dariya a lokacin amma tsohon nan ya fi ni gaskiya. Rabin DNA ɗinka na uwa ne rabi na uba, kai da baffanka kun haɗa wajen kashi 25 cikin 100, kai da ɗan baffanka wajen kashi 12 da rabi, mu kuma da auren zumunci ya yi mana yawa abin ya kan wuce haka, shi ya sa ma injin yake ɗaukar ɗan uwa na nesa ya ce na kusa ne. Ni kaɗai na danna "na yarda" amma duk gidanmu na sa wa hannu har da jikokin da ba a haifa ba.

Akwai wani masani Yaniv Erlich, shi da abokan aikinsa sun fitar da bincike a mujallar Science a 2018, suka duba bayanan mutum sama da miliyan 1 da dubu 200, suka nuna cewa wajen kashi 60 cikin 100 na Amurkawa masu asalin Turai ana iya bin sawunsu ta hanyar wani ɗan uwa na nesa da ya yi gwaji, ko da su ba su taɓa yi ba. Suka ce in kashi 2 kacal na al'umma suka shiga rumbun bayanan DNA, kusan kowa ya shigu. A shekarar ne kuma 'yan sandan Kaliforniya suka kama Joseph DeAngelo, tsohon mai kisan da ya ɓace musu shekaru da dama, ta hanyar danginsa da suka ɗora bayanansu a GEDmatch, wani shafin neman dangi ta DNA. Kama mugu abin so ne, ba musu, amma dangin nan ai asali suka je nema.

Sai batun ajiya. 23andMe, wani kamfanin gwajin asali wanda ba shi na yi amfani da shi ba amma duk jirgi ɗaya ne, a 2023 masu kutse suka shiga asusu wajen dubu 14 da tsofaffin kalmomin sirri da mutane ke maimaitawa a ko'ina, daga nan ta wannan ɓangaren dangin suka kwashi bayanan mutum miliyan 6.9. Ka ga naka fasuwod yana iya zama mai ƙarfi, sakacin ɗan uwan da ba ka taɓa gani ba ya jawo maka. A watan Maris na 2025 kamfanin ya bayyana karayar arziki, bayanan mutum wajen miliyan 15 suka shiga cikin kayan da ake ciniki, ƙarshe wata cibiya ta Anne Wojcicki, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, ta saye a kan dala miliyan 305. Tun 2018 ma kamfanin magani na GSK ya zuba musu dala miliyan 300 don a yi bincike tare. Katin banki in an sace sai a canja maka wani, wannan fa?

Na san a nan Saudiyya akwai dokar kare bayanan mutum da ta fara aiki a Satumbar 2023 ƙarƙashin hukumar SDAIA, ta kuma sa bayanan lafiya da na gado cikin masu tsananin sirri. Madalla. Amma ni da hannuna na tura kwalbata ƙetare, in wani abu ya faru wa zan kama? Na rubuta musu a goge asusuna a zubar da samfurin, aka amsa da ladabi gaskiya cikin kwanaki kaɗan, sai dai a ƙasan imel ɗin an ce akwai abin da doka ta sa su ci gaba da riƙewa, kuma abin da ya riga ya shiga bincike ba ya fitowa. Ni ne na danna yardar binciken ban karanta ba, wannan laifina ne.

Kar wani ya ce na ce gwajin gado duk banza ne. Fahas ɗin, wato gwajin jini na kafin aure, da aka wajabta a ƙasar nan tun 2004 na sikila da talasimiya (ita ma cutar jini ce ta gado), aka ƙara ƙanjamau da ciwon hanta B da C a 2008, wannan ko da kuɗinka ne ka je ka yi. Mu da AS ta yi mana yawa mun san abin da SS ke yi wa yaro cikin dare. 'Yan tambayoyi ƙalilan ake yi wa jininka, likita ya zaunar da kai da ita ya yi muku bayani, shawara ta rage gare ku. Wancan kuwa komai naka suke ɗauka su ba ka taswira mai kala.

Tauraro ɗaya na sauƙin aiki, ɗaya na amsa imel da wuri. Kwalin Hajiya yana nan cikin durowa ban buɗe ba, ita ma da na yi mata bayani cewa ta yi, "Ni in tofa yawu a kwalba a kai wa wa?" Mutumin Faransa kuwa kafin in rufe asusun na kwafi imel ɗinsa a takarda na ba Baffa, ya ninke ya sa a aljihun tobinsa, har yau bai ce min komai ba.