Wasiƙa daga Jamus: batun jitar bes mai tsirkiya shida

Ƙanena,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Mama da duk mutanen gida. Saƙonka ya iso, na ga hoton jitar bes mai tsirkiya shida da ka turo, wadda kake so in saya maka a nan, na kuma ji adadin kuɗin da ka tara. Na yi jinkirin amsa ne don in zaga in gani da idona tukuna, kada in ba ka labarin ƙanzon kurege.

Ka fara cire maganar "kayan Jamus" daga ranka. Jitar da ke cikin hotonka, Ibanez SR, kamfanin na Japan ne, amma in ka juya bayan kanta za ka ga a Indonesiya aka ƙera ta. Kusan duk wata bes, wato jita mai kaurin murya, da aljihun irinmu zai iya ɗauka a nan, daga Indonesiya take ko daga Sin, wato inda na kasuwar Alaba ta Legas suke fitowa, muddin na Alaban na gaske ne. Akwai Warwick, wanda kamfanin Jamus ne na ainihi, a wani gari da ake kira Markneukirchen, to amma su ma masu araharsu, RockBass, a Sin ake yi. Wadda aka sassaƙa a Jamus ɗin kanta kuwa maganar dubban Yuro ce. Abin da ya ba ni dariya mai haɗe da takaici shi ne katakon da suke taƙama da shi, wenge da bubinga da ovangkol, duk itatuwan dazuzzukan Afirka ne, wajen Kamaru da Gabon da Kwango. Daga can gungumen ke fita, ya dawo mana da kuɗin da ba ma iya biya.

Bambancin yana ga abin da ke biye da jitar bayan ka biya. Na je Thomann, wanda ake cewa babu kantin kayan kiɗa da ya kai shi girma a Turai. Kada ka zata a tsakiyar birni yake: a wani ɗan ƙauye ne mai suna Treppendorf, kusa da Bamberg, gonaki ta ko'ina, kuma tun 1954 iyalin suke wannan sana'a a wurin. A sashen bes, jitoci na rataye daga ƙasa har sama. Na nuna wadda nake so, ma'aikacin ya sauko da ita, ya miƙo mini waya da kujera, ya nuna mini amfilifaya, ya koma aikinsa. Na buga, na canja wata, na koma ta farko, ba wanda ya tsaya a kaina yana duban agogo. Ka san yadda ake yi a gida: tana cikin leda, mai shago na cewa in ba saya za ka yi ba kada ka ɓata masa tsirkiya, kuma a ƙasan rasit an rubuta kaya in ya fita ba ya dawowa. Ban ga laifinsa sosai ba, shi ma guda ɗaya ya shigo da ita, jarinsa ne a rataye.

Nan doka ce ta tsaya wa mai saye. Kusan duk abin da ka yi oda ta intanet a Tarayyar Turai, kana da kwana 14 ka mayar ba tare da ka faɗi dalili ba. In kuma aibi ya fito daga ƙira, alhakin yana wuyan mai sayarwa har shekara 2. Thomann sun ƙara nasu a kai: kwana 30 na mayarwa, garanti shekara 3. Kuɗin wannan kwanciyar hankali yana cikin farashin, tare da harajin kashi 19 cikin ɗari, kuma ba a taya kaya a kanti, abin da aka rubuta shi za ka biya. To ga inda gizo ke saƙar: ranar da jitar ta sauka Abuja, duk wannan ya zama takarda kawai. Wa zai biya kuɗin dawo da ita Jamus don wani maɓalli ya lalace? Saboda haka da nake dubawa, tambayar da na riƙa yi wa kaina ita ce wacce za ta iya zama a Jos ita kaɗai, ba garanti, ba kanti a bayanta.

Yanzu ita mai shidan. Akwai iri biyu da ake rikitawa, gara ka sani kada wani ya sayar maka da wadda ba ita ba. Fender sun fitar da Bass VI a 1961, gajeren wuya, inci 30, siraran tsirkiyoyi, ana ɗaure ta kamar jita ta yau da kullum sai dai muryar ta sauka ƙasa. Ba ita kake nufi ba. Wadda kake so ta samo asali ne daga Anthony Jackson, makaɗin Amurka, wanda a tsakiyar shekarun 1970 ya sa wani maƙeri mai suna Carl Thompson ya yi masa bes mai ɗaurin B, E, A, D, G, C. Wato huɗun da ka saba da su, an ƙara mai kauri a ƙasa da siririya a sama. Daga baya Jackson ya koma aiki da kamfanin Fodera na Brooklyn, waɗanda jitarsu mai sunansa ta haura dala 10,000 nesa ba kusa ba. John Patitucci da Yamaha su ma sun taimaka wajen yaɗa ta.

Zan gaya maka gaskiya ko da ba za ta yi maka daɗi ba. Tsakanin mai biyar da mai shida, sauti biyar kacal ke ƙaruwa, can sama, inda mai jita da mai fiyano suka riga suka cika wurin. Amfaninta na ainihi shi ne hannunka na hagu ba ya yawan tafiya: abin da da sai ka zame har tsakiyar wuya ka same shi, yanzu yana nan ƙarƙashin yatsunka, ga kuma damar haɗa sauti uku ko huɗu a lokaci ɗaya. In kana buga solo, ko kana aikin sutudiyo inda kai kaɗai kake cike gibin mutum biyu, ta biya kuɗinta. In kuwa aikinka riƙe gindin kiɗa ne a biki daga la'asar zuwa tsakar dare, tsirkiyar C ɗin nan za ta fi zama maka nauyi. Richard Bona na Kamaru mai biyar yake riƙewa, ba kuma wanda ya ce kiɗansa ya gaza.

Da na zauna da masu shidan a kantin, abin da ya fi raba su a hannuna shi ne tazarar tsirkiyoyi. Tsohuwar mai huɗunka tana da kamar milimita 19 tsakanin tsirkiya da tsirkiya a wajen gada, inda tsirkiyoyin ke kafe a jikin jitar. Ibanez SR mai shida 16.5 ce. A takarda ba komai ba ne, amma da na gwada irin dukan babban yatsa da kake so ɗin nan, sai yatsan nuni ya riƙa maƙalewa tsakanin G da C, wurin ya yi masa kaɗan. Waɗanda suka bar tazarar a 19 kuwa wuyansu ya yi faɗi kamar allon makaranta, mai gajerun yatsu zai ji a jikinsa kafin a gama waƙa ta uku. Hannunka bai kai nawa girma ba, don haka na fi karkata ga mai ƙunci, ka sake koyon dukan a hankali. Sai tsawo: akwai inci 34, akwai 35. Mai 35, irin su Ibanez BTB, tsirkiyar B ɗinta ta fi tauri da fitowa sarai, amma miƙa yatsu a farkon wuya, kusa da kai, ya fi wahala, kuma ba kowane saitin tsirkiya ke kai mata ba. Nauyi kuma ka sa ran kilo huɗu da rabi zuwa biyar, ga kan yana son rinjaya ƙasa saboda makullan ɗaure tsirkiya shida. Faffaɗan maɗauri na fata dole ne, wannan kam a gida za ka sa baduku ya ɗinka maka, ya fi na nan kyau da araha.

Akwai wata wahala da ba a gani a bidiyo. Kana buga tsirkiya ɗaya, sauran biyar na son yin gurnani da kansu. Sai ka koyi kwantar da babban yatsan dama a kansu, yana bin hannun sama da ƙasa, maimakon ka kafe shi wuri ɗaya yadda ka saba. Zai ɗauke ka watanni, kuma a watannin nan za ka ji kamar hannunka ya koma baya.

Tsirkiya ita ce babbar damuwata. Nan in na yi oda yau, jibi tana bakin ƙofa, har guda ɗaya ake sayarwa in C kaɗai ta tsinke. Saiti mai kyau yana kai Yuro 40 ko fiye. A Jos saitin huɗu ba ya wuya, na biyar a nema a samu, na shida kuwa sai an aika Legas, wani lokacin ma a haɗo maka da siririyar jita a ce ita ce. Zan sako maka saiti na ajiya da wasu C ɗin daban, ka riƙa goge su da ƙyalle bayan kowane wasa, gumi ne ke kashe su.

Sai batir. Yawancin masu shida suna da na'urar gyaran murya a ciki mai cin batir ɗin nan mai kusurwa huɗu, na bolt 9. In ya mutu ana tsakiyar wasa, wasu jitocin shiru suke yi gaba ɗaya. Shi ya sa na tsaya a kan sai mai makunnin da za ka kashe na'urar ta ci gaba da magana ba batir. Ibanez SR506E tana da shi. Kuma ka riƙa zare waya in ka ajiye ta, don muddin wayar na ciki batir na ci.

Amfilifayarka ma sai ka duba. Tsirkiyar E tana kaɗawa wajen sau 41 a daƙiƙa, B kuwa wajen 31. Ƙaramar lasifika mai inci 8 ko 10 guda ɗaya ba ta iya fitar da wannan da ƙarfi, sai ka ji tana ɓarɓar, in ka matsa mata ta yage. In ba ka da mai inci 15 ko mai lasifika huɗu, rabin abin da ka biya ba za a ji shi ba. Wutarmu da tasu duk wajen bolt 230 ce, kan fulogi ne kawai ya bambanta, amma amfilifaya ba zan aiko ba, nauyinta ya fi ƙarfin kuɗin jirgi.

Hunturu kuwa ni ma na san shi a nan ta wata fuska. Lokacin sanyi, na'urar ɗumama ɗaki tana busar da iska ƙwarai, katakon wuya ya tsuke, bakin ƙarafan da ke jere a wuyan ya leƙo gefe yana kartar hannu, wuyan ya sauya lanƙwasa. Tawa ta yi haka. Na kai ta wani shagon gyara, aka ce sai na ɗauki rana, na jira makonni, aikin da bai kai awa ɗaya ba aka karɓi abin da zai yi maka cefanen sati. Aikin ya yi kyau, ba ƙarya, ya auna komai da ma'auni, amma ta wannan fannin gida ya fi su. Mai gyaran rediyo na bakin Taminus zai liƙe maka wayar da ta cire kana tsaye, ku yi ciniki, ku rabu da dariya. Abin da ba zai iya ba shi ne saita wuya, wannan kai za ka koya. Akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan, ana juya ta da ɗan makulli mai kusurwa shida, rubu'in juyi kawai, ka bari ta kwana, ka sake dubawa. Tsakanin damina da hunturun Jos sai ka taɓa ta aƙalla sau biyu a shekara. Kada ka jingina ta a bangon da rana ke duka, kada ka bar ta a but ɗin mota. Na kuma zaɓi mai wuyan da aka ɗaure da kusoshi, ba wadda wuyan ya ratsa jiki ba, don ita ana iya kwancewa a gyara.

Wani abin da ka fi ni: kana iya kunna amfilifaya a tsakar gida. Nan daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe lokacin shiru ne, Lahadi kuma yini guda, ga muryar bes tana ratsa bango da daɓe. Da abin sauraro na kunne nake bugawa, in muna son ƙara sai mun yi karo-karo mun kama ɗakin gwaji na haya.

Game da kuɗi, Harley Benton, wato samfurin Thomann na kansu, ita ce mafi araha, kuma ba ta da laifi ga mai kanti a kusa. Kai da ba ka da shi, na fi son ka ƙara ka ɗauki ta tsakiya. Ina kuma leƙa Kleinanzeigen, inda mutane ke sayar da kayansu na hannu. Can ana taya kaya, kuma masu shida suna yawan fitowa kusan sababbi, don da yawa sun saya da zumuɗi suka ga ta fi ƙarfinsu. Babu garanti a irin wannan ciniki, amma kai dama garantin ba zai bi ka ba, ni kuma zan je in duba wuyan da kaina kafin in biya. Rarar sai ta tafi ga akwati mai tauri da tsirkiyoyi. Ba zan sa ta a kwantena ba, makonni cikin zafi da laima ba su dace da katako ba. Wani ɗan garinmu zai zo gida ƙarshen shekara, zan biya masa kuɗin ƙarin kaya, rasit kuma yana cikin akwatin saboda kwastan.

Kafin nan ka nemi mai irinta ko a coci ko a sutudiyo, ka roƙe shi aro, ka buga wasa guda cikakke a tsaye, ba a zaune ba. Sannan ka turo mini girman lasifikarka, ka kuma gaya mini ko shidan ce har yanzu ko biyar. Ka gaida Mama, ka ce mata maganin ƙafarta na tare da kayan.

Yayanka.