Kano zuwa Guangzhou ta Addis Ababa: yadda na ga tafiyar

Tsakanin Kano da birnin Guangzhou na ƙasar Sin akwai kimanin kilomita 11,000 in an miƙe layi. Jirgin fasinja ba ya miƙe wannan layin, dole a ya da zango. Ni ta Addis Ababa na bi, da Ethiopian Airlines, hanyar da 'yan kasuwarmu na Kantin Kwari da yawa suka sani. Hukuncina shi ne hanya ce mai kyau, amma ga wanda ya shirya wa jikinsa.

Kashi na farko ba shi da wahala. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa filin Bole na Addis Ababa bai wuce awa biyar ba, an ci abinci, an ɗan rintsa, an sauka. Addis tana kan tudu, sama da mita 2,300, don haka da daddare akwai sanyi. Duk wanda ya taso daga zafin Kano da 'yar shara kawai zai ji a jikinsa, a sa rigar sanyi a jakar hannu.

Kashi na biyu shi ne ainihin tafiyar: wajen kilomita 8,000, sama da awa goma a zaune wuri ɗaya. Mun tashi cikin dare, kuma da yake gabas muka nufa, daren ya gajarce ƙwarai. Nan ne abin da ya fi damuna, wato sallah. Agogon hannuna yana nuna lokacin Kano, na wayata yana kan na Habasha, alfijir kuwa ya keto ba tare da ya jira ko ɗaya ba. Tsakaninmu da Sin akwai bambancin awa bakwai. Abin da ya fisshe ni shi ne ɗaga labulen taga lokaci-lokaci, da kuma taswirar da ke allon bayan kujera mai nuna inda jirgi yake. Na riƙe alwalata tun daga Bole, na yi Asuba a zaune. In da hali, mutum ya tambayi malaminsa hukuncin ƙasaru da jam'i tun kafin ya bar gida.

Ma'aikatan jirgin sun kyauta. Abincin halal da na nema lokacin yankan tikiti an kawo mini shi ba tare da na tuna wa kowa ba, ruwa kuma ko yaushe na nema ana ba ni. Tikitina ya ba ni jaka biyu masu kilo 23 kowacce, kuma na tarar da su lafiya a filin jirgin Baiyun na Guangzhou.

Gajiyar gaske sai bayan sauka take bayyana. Ƙafa ta kumbura, barci ya ƙi zuwa da dare, da rana kuma ido ya yi nauyi kana tsaka da ciniki a unguwar Xiaobei ta Guangzhou. Wannan ba laifin jirgi ba ne, nisan ne. Shi ya sa nake roƙon duk mai zuwa baje kolin Canton, wanda ake yi a Guangzhou a watannin Afrilu da Oktoba, kada ya sa ranar saukarsa ta zama ranar fara kasuwanci. Ya bar wa jiki kwana ɗaya ko biyu, ya zaɓi kujerar gefen hanya don ya riƙa miƙewa yana takawa, musamman dattawa da masu hawan jini.